Rabin Juyin Noti

Aiki na biyu da aka dawo wa Malam da shi, mai gidan burodi ne ya kawo da kansa a cikin leda, ya ajiye a kan kantata, ya gaishe ni sama-sama. Ɗan akwatin roba ne mai ruwan toka, bai kai tafin hannuna ba, kusurwarsa ɗaya ta narke ta yi baƙi. Tun kafin in kwance ledar warin ƙonanniyar roba ya cika shagon. Mutumin ya ce Allah ne ya taimaka suka ji warin da wuri, in ba haka ba da yanzu wani labarin ake yi.

Malam mijina ne. Gyaran kayan wuta ne sana'arsa, kowa a layinmu Injiniya yake ce masa. Shi yana can ƙuryar shago a kan bencinsa, ni ina gaba ina sayar da ƙwan fitila da soket da salatif da waya. Tun ina goyon 'yarmu ta fari ya laƙaba min Manaja, sunan kuwa ya manne, har jikokina ba su san ina da wani ba.

Abin da ya ƙone ɗin rile ne. Ni ba ma'aikaciyar wuta ba ce, amma wadda ta yi shekara da shekaru tana jin Malam yana yi wa masu kawo gyara bayani, ko ba ta so sai ta haddace. Rile makunni ne da ba hannu ke danna shi ba. 'Yar ƙaramar wuta ce ke ba shi umarni, shi kuma ya buɗe wa babbar wuta hanya ko ya tare ta. Na da yana da ɗan harshen ƙarfe a ciki, kana jin sa yana ƙas, ƙas. Na yanzu, wanda su Malam ke kira es-es-ar, babu abin da ke motsi a cikinsa, shiru yake aikinsa. Notuna huɗu gare shi, biyu na ƙaramar wuta, biyu na babbar. A bakin ɗaya daga cikin na babbar ne robar ta narke.

Malam ya sa tabarau, ya juya abin gaba da baya, ya shinshina, ya yanke hukunci cewa jabu ne. Ya ce duniya ta lalace, ana rubuta wa kaya ƙarfin da ba su da shi, kuma Dogo mai sayar da kayan wuta, abokinsa tun suna samari, shi ma ya fara shigo da tarkace. Ya ba mai burodi haƙuri, ya yi masa alkawarin sabo. Ni kuwa ina ta jera ƙwan fitilar da na riga na jera, don kada idona ya haɗu da nasa. Na san ba jabu ba ne.

Hannunsa ne. Tun ciwon da ya kwantar da shi bara, ya tashi lafiya ƙalau, kai garau, baki ma sai da ya ƙaru, amma hannun dama bai dawo da riƙonsa ba. Ba rawa yake yi ba, da rawa yake da kowa ya gani. Kamu ne babu. A gida na fara lura. Zai ɗauki kwalbar zuma ya murɗa, ya sake murɗawa, sai ya miƙo min ya ce masu yin murafen nan ba su da imani. Famfon banɗaki ya fara ɗiga duk lokacin da shi ne ya rufe. Ya ce roba ce ta cinye, ya canza ta, famfo ya ci gaba da ɗiga. In na bi bayansa na murɗa, sai ya yi tsit.

Wata rana ya tafi aski, ya bar wani allo da ya gama haɗawa a kan benci, ba a jone da komai ba. Ban san abin da ya kai ni ba. Kayan aikinsa ba a taɓa su, kowane sukundireba da ƙusarsa a bango, ko ƙuda ya sauka a kai sai ya gane. Don haka na ɗauko ɗan guntun sukundireba na kekena na ɗinki, wanda ke yawo a jakata, ƙarfe ne zalla daga kai har gindi. Na sa shi a kan noti na farko, na murɗa ina fatan ya ƙi. Ya juya. Rabin juyi, cikin sauƙi. Na biyu ma haka. Na zauna a kan kujerarsa a tsorace, don da kunnena na sha jin sa yana gaya wa mutane cewa waya in ba ta matsu ba sai ta yi zafi, zafin ya ƙara sassauta ta, har ta ci abin da ke kusa da ita.

Daga ranar na zama ɓarauniya a cikin shagonmu. Duk aikin da ya gama a benci, sai in jira ya zaga baya ko ya tsaya hira da makanikin da ke gefenmu, in yi wuf in bi notunan. Abin da ya bi ta hannuna bai taɓa dawowa ba. Amma wanda ya je ya haɗa a wurin mutane, irin na mai burodi, ba ni da yadda zan yi da shi.

Za a ce me ya hana ni faɗa masa. Na gwada. Na taɓa ce masa ko za mu koma asibiti a duba hannun nan. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce hannun da ya ciyar da gida har ya aurar da 'ya'ya ba ya bukatar takardar likita, sannan ya tambaye ni ko an kawo wayar da muka yi oda. Ni kuma, duk bakina da ake faɗa a dangi, a nan sai ya mutu. Malam bai iya zama ba. Ba ya kallon ƙwallo, ba ya zaman hira in ba a tsaye ba, ba shi da wani abu da yake yi don nishaɗi. In aka cire masa sukundireba daga hannu, ban san abin da zai rage ya tashi dominsa da safe ba. Tsoro nake ji, gaskiyar magana ke nan. Ina tsoron in faɗa ya karye, ina kuma tsoron in yi shiru gidan wani ya kama.

Ana cikin haka Auta ta zo da tata matsalar. Auta 'yarmu ce ta ƙarshe. Ita da mijinta kaji suke kiwo, kuma sun sa kafinta ya ƙera musu akwatin ƙyanƙyasar ƙwai, babba, na katako, tsayin firji, an kafe shi a bango. Akwai hita a ciki, da 'yar fanka, da kwantirola mai nuna lambar zafi, shi ne ke gaya wa rile ya kunna hitar ko ya kashe. Tsohon rile mai ƙas-ƙas ne a jiki, kuma da yake aikin kunna-kashe ne ba dare ba rana, harshensa ya gaji ya manne, hita ta ƙi mutuwa, ƙwai suka dahu a cikin ɓawonsu. Ta ce Baba ya zo ya sa mata irin na zamanin nan da ba ya gajiya. Na tambaye ta a wane ɗaki akwatin yake, ko da yake na sani. Ɗan sito ne manne da ɗakin da 'ya'yanta biyu ke kwana, bango ɗaya ya raba su.

Washegari Malam ya ce in rufe kanta in raka shi wurin Dogo, wai in zama shaida. Ya saka ƙonannen rilen a aljihu kamar mai zuwa kotu.

Shagon Dogo siriri ne, kwalaye har rufi, mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace. Suka gaisa da tsiyar da suka saba. Dogo ya ce ashe tsoho yana nan da ransa, Malam ya ce ba inda za shi sai ya ga ƙarshen masu sayar da jabu. Sannan ya dire masa abin a kan tebur. Dogo ya ɗauka, ya matsa bakin ƙofa inda akwai haske. Na ga ya duba bayan, inda farantin ƙarfe yake, babu ko tabo. Na ga ya duba kusurwar, ya sa farce ya taɓa notin, notin ya motsa. Wanda ya ƙone daga ciki, daga ciki yake kumburowa. Wannan daga bakin noti zafin ya fara, ko ni na gane balle shi. Ya ɗago ya dubi Malam, ya dubi hannun Malam da ke kan tebur, sannan ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

"Laifina ne, Injiniya," in ji shi. "Wani kwali ne aka cusa min. Na daina karɓa a wurinsu."

Malam ya gyara tsayuwa ya yi masa dogon wa'azi a kan amana, Dogo yana ta gyaɗa kai. Mutumin da ba ya yarda a ce ko ƙusar shagonsa ta lanƙwashe, ya tsaya ya sha faɗan da bai ci ba. Kunya ta kama ni har wuya. Ashe mu biyu ne yanzu muke yi wa mutum ɗaya ƙarya, kowannenmu yana ganin ƙauna ce.

Amma da aka zo zaɓe, sai ga Malam ɗina na da. Dogo ya zube masa iri-iri, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya ture wannan, ya ce da babbar wuta ake ba shi umarni, alhali kwantirolan Auta 'yar ƙaramar wuta irin ta batir yake fitarwa. Ya ture wancan, ya ce an yi shi ne don ya riƙe wutar batir, ba wutar gida ba. Ya ce wutar da hitar ke ja ba ta kai amfiya goma ba, amma ba zai ɗauki mai goma ba, don abin da aka rubuta a jiki ƙarfinsa ne a ranar da yake cikin sanyi da hutu. Ya ɗauki mai ashirin da biyar, ya ji nauyinsa a tafin hannu, ya duba ko rubutun ya zauna daidai, ya shafa farantin bayan ya ji ko sumul yake. Ya sa aka kawo masa ƙarfen sanyaya, alminiyon nan mai haƙarƙari da ake ɗaura rile a kai ya sha zafinsa, da farin man da ake shafawa a tsakaninsu, da fis mai tsinkewa in wuta ta yi yawa. Sannan ya nemi wani ɗan abu kamar maɓallin riga, mai yanke wuta da kansa in zafi ya wuce kima. Dogo ya ce ai wannan ƙari ne. Malam ya ce irin wannan rilen in zai mutu a kunne yake mutuwa, ba a kashe ba, kuma shi ba zai bar ƙwai da katako a hannun abu ɗaya ba. Ina tsaye ina jin sa, alfahari da tausayi suka haɗu suka kama ni. Kan nan babu abin da ya manta.

Ranar aikin na ce zan bi shi in ga jikokina. Sai da muka isa na tuna suna makaranta, ya yi ta yi min dariya, ya ce tsufa ya fara da Manaja. Mijin Auta ya fita kai kaji, ita kaɗai muka samu. Siton ƙarami ne, taga ɗaya, buhunan abincin kaji jingine a gefe. Na sami buhu na zauna, na ce zan riƙe masa tocila.

Ya fara da abin da yake farawa da shi kullum. Ya koma falo inda akwatin birekun gidan yake, manyan makunnan nan masu yanke wuta, ya sauke ta wannan ɓangaren, fankar falo ta tsaya tare da ita don layinsu ɗaya. Ya dawo ya gwada da testa, ɗan abin nan mai fitila da ke kamawa in akwai wuta, sannan ya taɓa waya. Ya kafa ƙarfen sanyaya a wajen akwatin, ta gefen taga, haƙarƙarin a tsaye don iska ta riƙa bi ta tsakaninsu. Ya shafa farin man ɗan kaɗan, ya ce ba man shanu ake shafa wa burodi ba. Ya ɗora rilen ya ɗaure. Siraran wayoyi biyu daga kwantirola, ja a wurin alamar ƙari, baƙa a wurin alamar ragi. Sannan mai kaurin, wadda ke ɗauke da wutar gida, ya bi da ita ta fis, ta ɗan maɓallin nan mai yanke wuta, ta shiga noti ɗaya, ta fita ta ɗayan zuwa hita. Ya haɗa koriyar wayar ƙasa a jikin alminiyon, saboda in wuta ta ɓalle ta hau ƙarfe ta sami inda za ta bi. Aikin gwanin sha'awa, kowace waya ta kwanta a inda ya ce ta kwanta.

Ni kuwa notunan nake kallo. Da hannu biyu yake murɗawa yanzu, ya danne leɓe, ya jingina kafaɗa. In ya gama sai ya ja wayar ya ji ko ta zauna, ya gyaɗa kai. Amma hannun da ya ɗaure shi ne hannun da ya ja, ƙarfinsu ɗaya.

Ya je ya ɗaga bireka. Kwantirola ya kawo lambobi, 'yar jar fitilar da ke kan rilen ta kama, ɗumi ya fara tasowa a cikin akwatin. Auta ta kasa kunne ta ce shi ke nan, ba ƙara? Ya ce shi ke nan, mai aikin kirki ba ya surutu, ta tambayi mamanta ta ji. Na ce in haka ne shi bai taɓa aikin kirki ba. Ya ce a bar murfin da ke rufe rilen da wayoyin a buɗe, abin ya ɗan yi aiki, zai dawo ya ji zafin ƙarfen kafin ya rufe. Auta ta ja shi falo ta zuba masa shayi.

Na ce ina zuwa, zan wanke hannu. Na tsaya a cikin siton ni kaɗai. In ya dawo zai rufe murfi mu tafi, akwatin nan kuma zai yi ta aiki kwana da kwanaki ba mai kallonsa, yara suna barci a bayan bangon. Na san ya kamata a sauke bireka. Amma birekar tana falo, daidai saman kansa, kuma fanka za ta tsaya ta tona ni. Sai na ce wa raina ai akwai hanya mai sauƙi. Na danna maɓallin kwantirola, lambobin suka ɗauke, jar fitilar rilen ta mutu. Na jira kaɗan, komai shiru. Na ciro ɗan sukundirebana na ƙarfe, na durƙusa, na nufi babban noti na farko.

"Manaja. Ajiye shi."

Ba tsawa ya yi ba, a hankali ya faɗa, amma hannuna ya tsaya cak. Tsakanin bakin ƙarfen da notin bai fi faɗin yatsa ba. Na janye, na ajiye shi a ƙasa.

Yana tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi. Ya shigo ya ɗora kofin a kan buhu, ya ciro testa daga aljihun gaba, ya durƙusa a gefena. Ya taɓa notin da na nufa, 'yar fitilar testar ta kama ja wur.

"Wannan kullum a raye yake, muddin bireka tana sama," ya ce. Ya matsa ya taɓa na biyun, fitilar ta sake kamawa, dishi-dishi. "Wannan kuma, da kike ganin kin kashe, yoyo yake yi. Irin wannan rilen ba ya rufe ƙofa ruf. Fitilarsa ce ta mutu, ba wutar ba."

Ya ɗauki sukundirebana daga ƙasa, ya juya shi, ya ga ko tsinken roba babu a jikinsa. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi irin wannan ba. Ya miƙe ya fita. Na ji ƙarar bireka, na ji fanka tana rage gudu, na ji Auta tana tambaya ko an ɗauke wuta ne, ya ce shi ne, ta bar shi tukuna. Ya dawo ya jawo ƙofar, ya sake gwada notunan biyu. Testar ba ta kama ba.

"Tun yaushe?" ya tambaye ni.

Na ce tun bayan da ya tashi daga ciwo. Ya tambaya ko duk na benci. Na ce duka.

Ya zaro nasa sukundireban, mai roba har kusa da baki, ya ɗora a kan babban notin, ya kama da hannu biyu, ya jingina da iya ƙarfinsa. Notin bai motsa ba. Sai ya miƙo min, ya ce in murɗa.

Wallahi sai da na yi tunanin in yi kamar ya ƙi. Abu ne mai sauƙi, in ɗan yamutsa fuska in ce a ɗaure yake tam, mu koma yadda muke. Na ɗaga kai na ga bangon, na san daidai inda gadon yaran yake a ɗaya gefen. Na murɗa. Ya juya rabin juyi, har da 'yar ƙara. Na matsa na biyu, shi ma ya juya. Na bi na fis, na bi na wayar ƙasa, na bi waɗanda suka riƙe rilen a jikin alminiyon. Kowanne ya ba ni abin da ya hana shi, yana tsugune yana kallo, bai kau da kai ko sau ɗaya ba.

Da na gama ya koma ya zauna a kan buhu. Ya buɗe hannun dama a kan gwiwarsa, ya dunƙule, ya sake buɗewa. Na ce ya yi haƙuri, kuka ya ci ƙarfina ban iya ƙarasawa ba. Tausayinsa nake ji, kuma ina jin haushin kaina da na bari abin ya kai nan.

"Saura ƙiris ki taɓa wuta don kada ki ɓata min rai," ya ce. Ya ɗago ya dube ni. "Dogo ya sani?"

Na ce tun da ya taɓa notin da farce ya sani.

Ya yi wata 'yar dariya, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce kuma ya tsaya a tsakiyar shagon mutumin nan yana yi masa wa'azi.

Na zauna ina jiran maganar da na daɗe ina tsoro, ya ce ya ajiye aiki, in nemi mai sayen kayan. Ya daɗe yana kallon ƙasa, leɓensa yana motsi. Ashe ba wannan yake tunani ba. Wuraren da ya je ya yi aiki shi kaɗai tun bara yake tunowa. Ya fara ambato su a hankali: mai wanki da guga na bayan tasha, mai buga rubutu a riguna, matar nan mai narka kyandir, wani gida mai tankin ruwan zafi. Duk wanda ya ambata sai ya ɗan rufe ido. Ya ce gobe ba za a buɗe shago ba.

Muka ƙarasa aikin Auta tare. Ya nuna min inda ake tsayawa, don noti in an wuce da shi sai ya fasa roba ko ya cinye zarensa. Ya sa na ja kowace waya da hannuna. Ya je ya ɗaga bireka, muka bar abin ya yi aiki, ya dawo ya kara bayan hannunsa a jikin alminiyon ya ji ɗumi kawai, sannan ya rufe murfi. Auta ta ga idona ya yi ja, na ce ƙurar abincin kaji ce. Shi kuma ya shanye shayinsa da ya huce, ya yi mata bayanin cewa kada kowa ya buɗe murfin nan sai an sauke bireka, ko da an ga komai a kashe.

Da safe muka fara da mai wanki da guga. A hanya na shirya abin da zan faɗa, cewa zagaye muke yi na duba tsofaffin ayyuka, kamar yadda ya kamata a riƙa yi. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, kuma za ta rufa masa asiri. Muka tarar da shagon cike, masu karɓar kaya a tsaye, tururi yana tashi daga teburin guga, riguna rataye har saman allon wutar. Mutumin ya taso da fara'a, ya ce Injiniya lafiya da sassafe, ai aikin nan yana tafiya lafiya lau. Na buɗe baki, Malam ya riga ni.

"Hannuna ya daina ɗaure noti," ya ce, a gaban kowa. "Kuma bayan ya daina na haɗa maka wannan. Nuna min birekarka in sauke. Ita za ta ɗaure, ni zan duba."

Mutumin ya dube shi, ya dube ni, ya kwashe rigunan da ke gaban allon. Malam ya sauke bireka, ya gwada da testa, ya buɗe murfi, ya matsa gefe ya haska min da tocila.

Uku daga cikin notunan sun juya. Na huɗun, robar da ke gefensa ta riga ta fara yin ruwan ƙasa. Malam ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce wannan sai an canza shi, in yi hanzari, akwai sauran gidaje.